Amsoshin Tambayoyinku: Shuɗin Hasken da Ke Tona Jini

Wani mai sauraro daga Bagudo ta Jihar Kebbi, kusa da iyakar Jamhuriyar Benin, ya tambaya ko gaskiya ne abin da finafinan binciken kisa irin su CSI ke nunawa, inda jami'i ke fesa ruwa a ɗaki mai duhu, sai bango ya ɗauki shuɗin haske mai tayar da tsikar jiki.

Abin yana da tushe. Ruwan ana kiransa luminol, kuma Bajamushe Walter Specht ne ya nuna amfaninsa wajen gano jini a shekarar 1937. Idan ya haɗu da sinadarin ƙarfen da ke cikin himogulobin, wato abin da ke sa jini ja kuma yake ɗaukar iska zuwa gaɓoɓi, sai ya fitar da haske, ko da an wanke wurin tun da daɗewa.

Sai dai finafinan suna zuzuta lamarin, domin hasken dishi-dishi ne, yana dusashewa bayan kamar daƙiƙa 30, kuma jan ƙarfe da ruwan bilic ma suna haddasa shi. Abin da ya fi muhimmanci ga ƙasar makiyaya da masunta irin Bagudo shi ne luminol ba ya bambance jinin mutum da na ragon layya, saboda haka zaluntar mai gida ne a tuhume shi bisa hasken kaɗai. Tabbaci sai an yi gwajin ƙwayoyin gado, irin wanda Jihar Legas ta buɗe wa cibiya a 2017.