Yadda Aka Mayar da Rumbun Masara Gidan Fasaha a Cape Town

A bakin tashar jiragen ruwa ta Cape Town, a Afirka ta Kudu, akwai katafaren rumbun kankare da aka kammala a 1924, tsayinsa mita 57. Nan ake tara masarar da za a fitar ƙasashen waje, har aka rufe shi a 2001. Da an ga dama, da katafila ta share shi. Maimakon haka, a Satumbar 2017 aka buɗe shi da sunan Zeitz MOCAA, gidan baje kolin ayyukan masu fasaha na Afirka, da otal a samansa, ga ofisoshi da gidajen zama kewaye da shi. Abin da aikin ya tabbatar a ganina shi ne, tsohon gini sai an ba shi aikin yi yake daɗewa, ba shi aikin kuwa yakan bukaci a sa masa zarto.

Matakan farko sanannu ne: a auna ginin, a gwada ƙarfin kankarensa, a wanke tsohon fenti har ainihin fuskarsa ta fito. Inda gizo ke saƙa shi ne cikin rumbun. Bututai 42 ne a tsaye, manne da juna, babu falo, babu inda mutum zai tsaya ya ɗaga kai. Ofishin Thomas Heatherwick, mai tsara gine-gine ɗan Ingila, ya ɗauki hoton ƙwayar masara guda da na'ura, aka faɗaɗa siffarta a kwamfuta ta kai mita 27, aka ce a fafe wannan siffa daga tsakiyar bututan.

Faɗa da baki ba wuya. Bangon bututan siriri ne, ya tsufa, kuma kowanne da ɗan'uwansa ya jingina. In aka tsaga shi kai tsaye, zai dare kamar busasshiyar ƙwarya a hannun ɗan koyo. Saboda haka aka juya aikin, gini ya riga yanka. A cikin bututan da za a taɓa, kafintoci suka haɗa katakon zubi, aka ɗaura rodi, aka zuba sabon kankare ya yi wa tsohon riga ta ciki, bakinsa kuma ya tsaya daidai inda layin ƙwayar masarar zai ratsa. Sai da ya bushe ya ɗauki nauyi sannan masu yanka suka bi bakin sabon suna zare tsohon guntu-guntu. Kowane bututu da irin lanƙwasarsa, kuskuren awo a ɗaya zai karya layin a idon duk wanda ya shigo. Sunan mai zane ake ambata, amma waɗanda suka riƙe zarto cikin ƙura, can sama, su suka fitar da wannan layi. Daga baya aka goge bakin yankan ya yi sheƙi, aka rufe saman bututan da gilashi, aka sa lif da matakala a cikin wasunsu.

Masu kishin kayan tarihi za su ce wanda ya fafe cikin gini ya ɓata shi. Maganar tana da tushe, don abin da aka yanke ba ya dawowa. To amma kafin yankan, wa ya taɓa ganin cikin rumbun? Yanzu mai ziyara na kallon bututan a buɗe, yana gane yadda masara ke gangarowa a da, daga teku kuma ginin na nan tsaye a inda matuƙan jirgi suka san shi.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi: otal ɗin sama na attajirai ne, a birnin da wariyar launin fata ta kori talakawa zuwa bayan gari. Gaskiya ne kamfanin V&A Waterfront mai wurin, da ya zuba kusan rand miliyan 500, da hayar shaguna da ofisoshi yake samun abin zubawa. Da aka buɗe gidan an ware safiyar Laraba kyauta ga 'yan Afirka. Wannan ya rage sukar, amma mai aikin yini daga unguwar Khayelitsha ta bayan gari ba shi da safiyar Laraba.