Jan Ɗigo a Goshi

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya a cikinmu ya ga ɗigon nan da mata suke sawa a goshi. Sunansa bindi. Ana sa shi tsakanin gira biyu, gama mabiya addinin Hindu suna ɗaukar wurin nan mazaunin hikima ne. Yau dai har 'yan mata sukan manna shi don ado, launi iri iri.

Amma kada mu haɗa shi da sindur, watau jan garin da ake zizarawa a tsagar gashin kai. Wannan ya fi nauyi. Ango ne yake fara shafa wa amarya da hannunsa ranar aure, musamman a arewacin Indiya. Daga nan ita take sawa da kanta, alamar mijinta yana da rai, da fatan ya yi tsawon kwana. Ran da ya mutu sai a goge mata shi. A waɗansu wurare har awarwaronta akan fasa, ta koma sa fararen tufafi, gama a can fari ne launin makoki.