Darasi: Faifai da Rumbu

Jama'a, ga tambaya. An aiki mutum daga Bungudu zuwa kasuwar Gusau ya sayo abu tara. Ya dawo da shida. Ina sauran ukun? Ba wauta ba ce. Ƙwaƙwalwa tana da rumbu, tana kuma da faifai. Rumbu shi ne inda alaramma ya ajiye izu sittin. Faifai shi ne inda kake riƙe lissafi sa'ad da kake ba da canji. Rumbu babba ne, amma faifai ƙarami ne ƙwarai.

A 1956 wani masani na Amurka, George Miller, ya ce faifan nan yana ɗaukar abu kamar bakwai. Waɗansu daga baya suka ce huɗu ne. Shi ya sa lambar waya mai alƙaluma 11 muke yanka ta gunduwa-gunduwa.

To, ana iya faɗaɗa faifan? A 1980 aka ba da labarin wani ɗalibi a Amurka. Da fari alƙaluma 7 yake iya maimaitawa. Ya yi ta gwaji fiye da shekara ɗaya, har ya kai 79. Shi mai tsere ne, sai ya riƙa haɗa alƙaluma kamar lokutan gudu. Amma da aka ba shi haruffa, bai wuce kamar shida ba! Watau dabara ya samu, faifan yana nan yadda yake.

A ƙasar Suwidin kuma, a 2004, Torkel Klingberg da abokan aikinsa suka horar da mutane mako biyar, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu. Suka ga aiki ya ƙaru a sashen goshi. Duk da haka, bincike mai yawa ya nuna irin horon nan ba ya ƙara wa mutum basira a kowane abu. Abin da ka gwada, shi kake ƙwarewa a kai.

Dattijo na Tsafe da ke cewa kansa ya bushe, ya saurara. A 2010 aka auna mutanen Burazil da Fotugal da suka koyi karatu da girmansu. Ƙwaƙwalwarsu ta sake, tana amsa rubutu.

Aikin gida: abokinka ya faɗa maka kayan cefane tara. Ka kasa su uku-uku, ka maimaita. Sa'an nan ka rubuta su, ka kawo aji.