Darasin Lafiyar Gida: Shuka a Ɗaki Tana Maganin Hayaƙin Taba?

 Darasinmu na yau a kan iskar da muke shaƙa cikin ɗaki ne.

Akwai wata magana da ke yawo a wayoyin salula. Wai idan maigida yana shan taba, sai a dasa fure ko wata shuka a tukunya a ajiye cikin ɗaki, ita za ta tsotse hayaƙin. Kafin ka wahalar da kanka da ban ruwa, tsaya ka ji gaskiyar maganar.

Asalin maganar

A shekarar 1989, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, wato NASA, ta yi wani gwaji. Aka sa shuke-shuke cikin akwatuna rufaffu, aka sa musu iska mai guba, sai aka ga gubar tana raguwa. Amma akwati daban, ɗaki daban. A 2019 masanan jami'ar Drexel a Amurka suka sake duba irin waɗannan gwaje-gwaje. Suka gano cewa sai an jera shuka 10 zuwa 1000 a kowane murabba'in mita kafin su yi aikin da shigar iska da fitarta ke yi a gida.

To, yi lissafi. Ɗaki mai mita 3 da mita 4 murabba'in mita 12 ne. Ke nan kana bukatar tukunya 120 ko fiye. Ina za ka shimfiɗa tabarma? Kuma ruwan da ya kwanta a gindin tukwane, sauro ne zai samu wurin ƙwai.

Wa hayaƙin ke cuta?

Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7000, kusan 70 daga cikinsu suna jawo ciwon daji. Ba mai shan kaɗai ke shaƙar su ba. Yaron da ke kwana cikin hayaƙi yakan yi fama da tari, ciwon kunne, fuka da ciwon huhu. Mai ciki kuma tana iya haihuwar jariri marar nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da miliyan 1 ke mutuwa kowace shekara saboda tabar da wani ya sha.

Abin ya fi muni lokacin hunturu, da muke toshe taga mu rufe ƙofa. Ko an kashe sigari, gubar tana nan maƙale a bargo, gidan sauro, tufafi da bango.

Abin da za ka yi

1. Kada a sha taba cikin ɗaki, ko da taga tana buɗe. Buɗe taga yana rage hayaƙi, amma ba ya kawar da shi.
2. Idan ka sha a waje, wanke hannu da baki kafin ka ɗauki jariri.
3. Ke uwargida, hayaƙin murhu ma cuta ne. Yi girki inda iska ke ratsawa, da busasshen icce, kuma ki nisantar da goyonki daga hayaƙin.
4. Kada a kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufaffe. Yana kisa cikin barci.
5. Mafi alheri, a bar tabar. Je likita ka nemi shawara.

Gwamnatin Nijar ta hana shan taba a wuraren taron jama'a tun dokar 2006. Amma doka ba ta shiga ɗakinka. Can kai ne mai tsaro.

To, a daina shuka ke nan?

A'a. Mutanen yankinmu sun san amfanin icce. Daga 1975 aka dasa layukan bedi a kwarin Majiya, wajen Buza, suka tare iska suka kare hatsi. Daga 1984 aikin Keita ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Icce yana rage ƙura, yana ba da inuwa, amma a fili yake aikinsa. Dasa bedi a ƙofar gida, zogale a tsakar gida. Wanda bai iya barin taba ba tukuna, ya tafi gindin bedin, nesa da yara. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Tukunya nawa ɗakinka zai bukata? Auna shi ka lissafa.
2. Su wa ke shaƙar hayaƙi a gidanku?
3. Ta yaya za ka gaya wa baƙo ya fita da tabarsa ba tare da ɓacin rai ba?

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.