Aikin Kwamitoci a Ƙungiyoyin Malaman Ilmin Ƙirar Jiki

Ilmin ƙirar jiki shi ne fannin da ke nazarin yadda aka gina jikin ɗan Adam, tun daga ƙasusuwa da tsoka har zuwa jijiyoyi da kayan ciki. Shi ne tsanin farko da ɗalibin likita yake takawa, kuma malaman da ke koyar da shi sun daɗe da kafa ƙungiyoyi nasu. Ta Jamus an kafa ta a 1886, ta Ingila a 1887, ta Amurka a 1888, sa'an nan a 1903 aka kafa tarayyar da ta haɗa ƙungiyoyin ƙasashe, wadda aka fi sani da IFAA. Wannan maƙala za ta duba yadda kwamitoci ke ɗaukar nauyin aikin waɗannan ƙungiyoyi, musamman ta fuskar sunaye, domin a nan ne aikinsu ya fi fitowa fili, kuma a nan ne ya fi shafar mai nazarin harshe.

Babban taron ƙungiya yakan zo ne sau ɗaya a shekara, na tarayyar duniya kuwa sai bayan 'yan shekaru. Mutane ɗaruruwa da suka taru na kwana uku ko huɗu ba za su iya zama su tantance sunan kowace jijiya ba. Abin da taro zai iya shi ne ya zaɓi mutane kaɗan, ya ɗora musu aiki, ya kuma jira su kawo abin da suka yi domin a amince ko a ƙi. Wannan shi ne asalin kwamiti.

Kwamitin sunaye

A ƙarshen ƙarni na 19 sunayen sassan jiki sun yi yawa har sun zama rikici. An ƙiyasta cewa akwai sunaye wajen 50,000 da ke yawo cikin littattafai, alhali sassan da ake nufi ba su kai kusa da haka ba. Abu guda sai a same shi da suna biyar ko shida, kowace makaranta da nata, kowane malami kuma yana son a riƙa kiran abin da sunan malaminsa. A 1889 ƙungiyar Jamus ta kafa kwamiti don ya warware matsalar. Ya yi shekara shida yana aiki, aka amince da sakamakonsa a birnin Basel a 1895, Wilhelm His na Jami'ar Leipzig kuma ya wallafa shi tare da bayani. Sunayen da suka rage ba su kai 6,000 ba. Ƙa'idojin da aka bi masu sauƙin faɗa ne: kowane sashe suna ɗaya, sunan ya kasance da Latin, ya kuma zama gajere gwargwadon hali.

Amma amincewar taro ba ita ce karɓuwar duniya ba. Turawan Ingila sun yi wa jerin nasu gyaran a Birmingham a 1933, Jamusawa kuma suka sake nasu a Jena a 1935. Na Jena ya zo da wani abu da ya tayar da ƙura, wato ya daina ɗaukar mutum a tsaye wajen bayyana sama da ƙasa, gaba da baya, ya ɗauke shi kamar dabba mai ƙafa huɗu, don sunayen su dace da na dabbobi. Ga masanin da ke kwatanta halittu wannan dabara ce mai kyau. Ga likitan da ke tsaye gaban majiyyaci kuwa wahala ce kawai. Sai aka wayi gari da jeri uku a maimakon ɗaya, watau an koma kusa da inda aka taso.

Saboda haka taron duniya da aka yi a Oxford a 1950 ya kafa kwamitin ƙasa da ƙasa, wanda ya gabatar da Nomina Anatomica a birnin Paris a 1955. Ya mayar da mutum tsaye, ya kuma yanke wani hukunci mai ɗaci, wato cire sunayen mutane daga jikin sassa. Bututun da ke ɗaukar ƙwai zuwa mahaifa, wanda aka saba jingina wa Falloppio ɗan Italiya na ƙarni na 16, ya zama tuba uterina, ma'ana bututun mahaifa. Wanda ya haɗa kunne da maƙogwaro, da ake kira da sunan Eustachi, ya zama tuba auditiva. Hujjar kwamitin mai ƙarfi ce, domin sunan mutum ba ya gaya wa ɗalibi inda abu yake ko aikin da yake yi, kuma sau da yawa wanda aka ba girman ba shi ne ya fara ganin abin ba. Duk da haka har yau likitoci suna kiran tsofaffin sunayen a asibiti. Kwamiti yana da iko a kan littafi, amma baki sai abin da ya saba.

Akwai kuma darasin da ya shafi iyakar ikon kwamiti. Da tafiya ta yi tafiya, wannan kwamiti na 1950 ya fara ganin kansa a matsayin mai cin gashin kansa, dangantakarsa da tarayyar ta yi tsami, har ya fitar da bugu na shida a 1989 ba tare da amincewar ƙungiyoyin ba. Tarayyar ta mayar da martani a taronta na Rio de Janeiro a wannan shekara ta hanyar kafa sabon kwamiti wanda ita ta zaɓi mutanensa, wanda kuma ya riƙa aika daftarinsa ga ƙungiyoyin ƙasashe don su yi gyara. Daga nan Terminologia Anatomica ta fito a 1998, da sunaye wajen 7,500 cikin Latin da Ingilishi. An sake sabunta ta a 2019. Ƙwararru ne suka rubuta bugu na shida, ba a musu, amma ƙwarewa kaɗai ba ta wadatar ba da yake ba a shawarci waɗanda za su koyar da shi ba.

Manufar jerin Latin ɗin ita ce ya zama tushen da kowane harshe zai gina nasa a kai. Nan ne maganar ta iso ga Hausa. Kalmar jijiya, alal misali, tana ɗaukar hanyar da ke fitar da jini daga zuciya, da wadda ke mayar da shi, da wadda ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa, da kuma wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi. A hira wannan ba laifi ba ne. Amma ga ungozoma ko malamin asibiti da ke yi wa majiyyaci bayani, abubuwa huɗu ne daban, kuma kuskure tsakaninsu yana iya jawo hasara. Raba su aiki ne da sai masanin jiki da masanin harshe sun zauna tare, har da mahauci, wanda yake da sunaye da yawa da ba su shiga ƙamus ba.

Sauran kwamitoci

Kwamitin ilmi shi ke duba abin da ya kamata a koyar. Da sa'o'in wannan darasi suka ragu a makarantun likita, kwamitin ilmi na ƙungiyar Ingila ya fitar da manhaja a 2007, aka sake ta a 2016 bayan an zagaya ana tambayar malamai da likitoci, aka tsaya a kan abubuwa 156 da dole sabon likita ya sani. Malamin da shugabannin makaranta ke neman rage masa lokaci yana da takardar da zai ajiye a gabansu. Akwai kuma kwamitocin mujallu, da na shirya taro, da na kuɗi, waɗanda aikinsu bai bambanta da na kowace ƙungiya ba.

Wanda ya bambanta shi ne na ɗa'a, domin wannan ilmi da gawar mutum ake koyonsa. Tarihin fannin yana da tabo. A Edinburgh a 1828 an kama Burke da Hare suna kashe mutane suna sayar da gawarwakinsu ga wani malamin fiɗa, abin da ya taimaka wajen kafa dokar 1832 a Ingila. A Vienna kuma binciken jami'ar da aka bayyana a 1998 ya nuna cewa sashen da Eduard Pernkopf ya shugabanta, mai shahararren littafin zanen jiki, ya karɓi gawarwakin mutane fiye da 1,300 da gwamnatin Nazi ta kashe. A 2012 tarayyar ta fitar da shawarwari cewa a dogara ga gawar da mai ita ya ba da izini a rubuce tun yana raye, kada a sayar da ita, a kuma mutunta ta har zuwa binnewa ko ƙonawa. Shawarwari ne, ba doka ba, kuma makarantu a ƙasashe da dama, har da na Afirka, sun daɗe suna dogara ga gawarwakin da ba a sami danginsu ba.