Kambun Turai ba ya cajin mota a Mafara

Makon jiya aka jawo mini wata motar lantarki daga Bakura, an ɗaure ta da igiya a bayan a-kori-kura, tayoyi huɗu a ƙasa. Tun daga nan raina ya ɓaci. Wa ya ce haka ake jan irin wannan mota? Kafin su iso gareji, injin da ke juya tayoyin ya yi zafi har yana ƙauri.

Mai ita dattijo ne, ɗan kasuwar shinkafa. Bayan cire tallafin mai a 2023, ɗansa ya nuna masa a waya cewa motar ta taɓa zama gwarzuwar shekara a Turai, sai ya tattara kuɗin kaka ya aika Kwatano. Ba wanda ya auna lafiyar batirin. Da ƙaramin janareto yake cajinta, wuta na hawa tana sauka, har cajar cikin motar ta ƙone. Aka kai ta wurin wani rewaya mai gyaran Golf. Yaron ya ɗauki filaya ya datse wayar nan mai ruwan lemo, hannu ba safa. Wutar da ta kai volt 400! Da sauran shan ruwansa, amma yatsu biyu sun tafi.

Da na ce wa Alhaji gyaran ya fi ƙarfin Zamfara, sai ya ce, "To ba ita ce ta zo ta ɗaya ba?"

Ranka ya daɗe, 'yan jarida ne ke raba kambun nan. Sabuwa dal suke tuƙawa, kwalta sumul, wurin caji ko'ina. Ba su san zafin Afrilu a Maradun ba. Ga misali, Jaguar I-Pace ta kwashe kambun duniya uku a 2019, a 2023 kamfanin ya nemi a maido motocin a duba saboda batirin na iya kama wuta. Ni ban ga dalilin naɗa motar da sai attajiri ke iya saye ba, tun ba a ga tsufanta ba.

Ba ƙin lantarki nake ba. An buɗe tashar caji mai hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo a 2021, amma wa zai tashi daga Mafara zuwa Sakkwato don caji?

In ta mutu a ɗora ta kan babbar mota, kada a ja ta. A auna batiri kafin a biya kuɗi. Kwazazzabai da damina, a kiyaye. Rewaya, wallahi ku bar wayar lemon nan. In ba ka san motar ba, ka ce wa mai ita ba ka sani ba, kada ka taɓa wayar lemo.