Dokar Kashi 120: Yadda Ake Haɗa Wutar Sola da Akwatin Rarraba Wuta

Kowane gida mai wutar lantarki yana da akwatin da wutar kamfani ke shiga kafin a rarraba ta zuwa ɗakuna. A cikinsa akwai sanduna na jan ƙarfe ko alminiyam waɗanda wutar ke bi, da babbar bireka, wato na'urar da ke katse wuta idan ta wuce kima, sannan da ƙananan birekoki. Wannan darasi zai duba abin da ke faruwa idan aka ƙara wa akwatin wata hanyar samun wuta ta biyu, wato sola, da yadda dokokin Amurka suka tsara lamarin.

Asalin dokar

A Amurka akwai kundin dokokin lantarki da ake kira NEC, wanda ya fara fitowa a 1897. Ƙungiyar kare gobara ta NFPA ce ke kula da shi, tana sabunta shi duk bayan shekara uku, jihohi kuma su mayar da shi doka. Babi na 690 ya shafi na'urorin sola, babi na 705 kuma ya shafi haɗa wata hanyar samun wuta da ta kamfani.

Ina matsalar take?

Kowace sanda tana da iyakar amfiya da za ta iya ɗauka. A ɗauka akwati yana da sanda mai ɗaukar amfiya 200, babbar birekarsa ma ta amfiya 200 ce. Muddin ƙofar shigar wuta ɗaya ce, sandar tana cikin aminci, domin birekar ba za ta bari abin da ya zarce kima ya daɗe yana wucewa ba. Amma da zarar inbata ta fara turo wutar sola ta wata ƙofa, babbar bireka ba ta san da ita ba. Kayan gida za su iya jan amfiya 200 daga kamfani, su ƙara da na sola, ba tare da wuta ta katse ba. Ɗalibai za su tuna cewa idan wutar da ke bin ƙarfe ta ninka sau biyu, zafin da take haifarwa yakan ninka sau huɗu. Daga nan gobara kan samo asali.

Abin da dokar ta ce

Sashe na 705.12 ya tanadi hanyoyi da dama, amma wadda ta fi shahara ita ce dokar kashi 120. Idan aka haɗa girman babbar bireka da kashi 125 cikin ɗari na wutar da inbata ke fitarwa, kada jimillar ta wuce kashi 120 cikin ɗari na ƙarfin sandar. An sa kashi 125 ne saboda sola kan yi awa uku ko fiye tana aiki ba hutawa, don haka ake bar mata rara.

Ga misali. Kashi 120 na amfiya 200 shi ne 240. A cire 200 na babbar bireka, saura 40. A raba 40 da 1.25, a sami 32. Ke nan inbatar kada ta wuce amfiya 32. Da yake gidajen Amurka suna samun bolt 240, wannan ya zama wat 7,680.

Akwai sharaɗi na biyu. Dole a dasa birekar sola a ƙarshen sandar, nesa da inda wutar kamfani ke shigowa, a kuma manna gargaɗin kada a sauya mata wuri. Hikimar ita ce, wuta tana shigowa ta kai da ta gindi, ƙananan birekokin da ke tsakani suna sha daga kowane ɓangare, saboda haka babu gaɓar da za ta ɗauki jimillar duka.

Idan solar ta fi haka girma fa?

Ana iya rage babbar bireka zuwa amfiya 175, in lissafin kayan gidan ya yarda, sai gurbin ya zama 65. Ana iya sauya akwatin da mai sandar amfiya 225, gurbin ya kai 70. Ko kuma a haɗa solar kafin babbar bireka, kamar yadda sashe na 705.11 ya tsara, a ba ta makatsarta ta daban.

Kare rayukan ma'aikata

Idan wutar kamfani ta ɗauke, wajibi ne inbata ta daina tura wuta kan layi, don kada ta kama ma'aikacin da ke gyara a kan turke yana zaton babu wuta. Ƙa'idar IEEE 1547 ta ba da daƙiƙa biyu kacal domin wannan. Tun bugun 2014 kuma kundin ya wajabta hanyar kashe wutar faifan sola cikin gaggawa, saboda 'yan kwana-kwana da kan hau rufi.

Tambayoyi

1. Akwati yana da sandar amfiya 125 da babbar bireka ta amfiya 100. Amfiya nawa inbata za ta iya fitarwa?
2. Me zai faru idan aka dasa birekar sola daf da babbar bireka?